Mati Bakanike da Fulogin Ciki

Sunana Maliki, faci nake yi. Wurina na nan bakin titin da ya fita daga Daura ya nufi Zango, ƙarƙashin wata dalbejiya, rabin inuwarta kuwa na Mati bakanike ne. Mun daɗe muna raba inuwar nan, ni da tayoyina shi da baburansa, har wasu kan ɗauka uwarmu ɗaya. Ko kaka ba mu haɗa ba. Ni bakina ba ya rufuwa, shi kuma sai ya wuni bai ce wa kowa uffan ba in ba inji ba.

Ɗan maƙera ne. Mahaifinsa Malam Dabo ya tsufa yana ƙera garma da lauje da ruwan gatari a zauren gidansu, mutum ne wanda in ya ce a'a da safe, ko garin nan zai taru a kansa ba ya komawa i da yamma. A gabansa Mati ya tashi, yana zuga wuta, yana riƙe awartaki, yana shan ranƙwashi duk ranar da ya ɗaga ido ya dubi babba ko ya mayar masa da magana. Da ya kawo ƙarfi ya ce shi ƙarfen da ke tafiya yake so, tsohon bai hana shi ba. Ya tafi Kano ya koyi gyaran babur, ya dawo da akwatin sifanu da wasu hannuwa dogaye sirara, yatsun kamar na mai kitso. Lungun da hannun wani bakaniken zai maƙale, nasa zurawa yake yi ya wuce. Ya auri Rabi, wata 'yar Dutsi, suka zauna a sashen bayan gidan. Tun da mahaifiyar Mati ta rasu, daga ɗakin Rabi kwanon tuwon tsohon yake fitowa kowace yamma.

Wanda ya ɓata wannan zaman shi ne Alhaji Nu'uman, falken shanu, mai saye a kara yana lodawa zuwa kudu. A lokacin da duniya ke yi da shi ya tsallaka iyaka ya sayo wani ƙaton babur baƙi mai silinda huɗu, irin wanda babu na biyunsa a ƙasar Daura. In ya taso daga kara, awakin unguwa ma sun san shi ne. Fulogi huɗu ne a jikinsa. Biyun gefe kowa na iya kaiwa gare su. Biyun ciki kuwa suna ƙarƙashin tanki, can ƙasan wasu ramuka masu zurfi, ga ƙarfen jikin babur ya gitta a kansu, sifanar kasuwa ba ta shiga. Mati ne ya zana irin wadda yake so a ƙasa da tsinke, Malam Dabo ya ƙera masa ita da hannunsa, doguwa mai lanƙwasa a wuya. Tsohon bai taɓa yabon ɗansa a gaban kowa ba, amma ranar da aka gwada ta ta shiga, sai da ya tako har dalbejiya ya tsaya daga nesa yana kallo.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya iso da hantsi, injin na huci, ya zaro sababbin fulogi huɗu da ya sayo a Kano ya ce a sa masa yanzu. Mati ya ce na gefe ba matsala, amma na ciki sai inji ya huce an sauke tanki, don in ka murɗe su da zafi haƙoran ramin ne za su tafi. Alhaji ya ce shi ba shi da wannan lokacin, ana jiran sa a Mai'aduwa, a canza biyun gefen kawai, sauran sai wata rana. Mati ya canza, ya zuba masa tsofaffin biyu a tafin hannu kamar yadda kowane bakaniken kirki yake yi. Sababbin biyu da suka rage kuwa Alhaji ya jefa su aljihun rigarsa. Ina durƙushe ina shafa wa wata roba gam, da idona na gani.

Bai kai Mai'aduwa ba babur ya mutu, ga wani abokin cinikinsa goye a baya. Suka yi ta turi a rana, 'yan acaɓa na wucewa suna yi musu sannu irin wadda ta fi zagi ciwo. Cinikin da yake sauri a kai ya kuɓuce. Washegari ya kai babur ɗin wurin wani bakanike a tasha, wannan ya warware rabin mashin ɗin a gaban jama'a kafin ya kai ga na cikin, ya fito da su baƙi ƙirin. Wani daga cikin masu kallo ya tambaya, ashe ba sababbi huɗu Alhaji ya sayo ba? A nan ne fa zai faɗi gaskiya a yi masa dariya ta kwana biyu a manta. Sai ya ce shi dai Mati ya ba su.

Da ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko wurin shugaban makanikai, da da sauƙi. Mugun bai yi haka ba, zauren Malam Dabo ya nufa. Aka aiko kiran Mati, na ajiye aikina na bi shi. Muka tarar da Alhaji a zaune kan buzu yana magana a hankali, wai shi ba don kayan ba, don dai gidan gidan mutunci ne ya ga ya kamata uba ya sani. Mati ya tsuguna daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Tsohon ya ajiye masaba ya dube shi.

"Ka ji abin da Alhaji ya ce. Ƙarya yake yi?"

To, ka ji tambayar. A ce yaron da aka rena a zauren nan ya buɗe baki, a gaban ubansa, ya ce wa mai furfura ƙarya yake. Na dubi Mati. Ina ta addu'a a zuci ya yi rashin kunyar nan sau ɗaya a rayuwarsa.

"Allah ya sani, Baba," abin da ya ce ke nan.

Ni na yi rashin kunyar a madadinsa. Na faɗi abin da na gani, na faɗi aljihun da aka jefa su, na dama ne. Malam Dabo ya ce ba wanda ya gayyace ni, kuma wanda kuke cin kwano ɗaya da shi ba ya zama maka shaida. Ya ba Alhaji haƙuri, ya raka shi har waje. Da yamma kwanon Rabi ya koma ɗakinta ko murfin ba a ɗaga ba. Tsohon ya aika mata cewa ba laifinta ba ne, amma shi ba ya cin abin da yake shakkar inda ya fito. Daga ranar abincinsa ya koma gidan 'yarsa Hadiyya. In Mati ya durƙusa gaishe shi yakan amsa, amma irin amsar da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya.

Aiki ya ja baya. Masu kawowa sukan tsaya a kansa suna zare ido, wasu har ɗiga wa kayansu fenti suke yi kafin su miƙa masa. Wannan ya yi ciwo, amma ya wuce, don mutanen gari ba sa riƙe abu in babur ɗinsu na tashi. Wanda bai manta ba shi ne tsohon. Rabi ma da nata taurin kan, ba ta daina aika kwanon ba, kwanon kuma bai daina dawowa ba. Da safe sai ta ɗumama ta aiko mana dalbejiya. Mati ba ya iya ci, ni ke tashi da shi, kuma ban ɓoye ba, na yi ƙiba a kan wannan gaba.

Ni dai na tsani Alhajin nan, har yau ban daina ba. Tun daga lokacin ban sake taɓa tayar gidansa ba, ko ta keken jikansa ce. Na kawo wa Mati shawarwari iri-iri: ƙusa a ƙofar gida, yashi a cikin baƙin mai, ko mu tare shi a kara mu tona masa asiri a gaban dillalai. Duk ya ƙi. Ya ce babur ɗin bai yi masa komai ba, kuma ko duk kara ta yarda da shi ba abin da ya ƙare shi da shi. Bakin da ya shiga zauren ya faɗa, shi yake so ya koma zauren ya warware. Na ce to ta yaya? Ya nuna mini lanƙwasasshiyar sifanar nan, ya ce fulogin ciki ba sa dawwama, su za su kawo masa shi.

Kada ka ɗauka haƙuri ne. Na zauna da shi, na san bambancin. Mai haƙuri yana dariya, Mati kuwa ya daina. Sifanar nan ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan akwati, makanikai sun zo aro ya ce ta ɓata. Duk sanda baƙin babur ɗin ya wuce ta titinmu sai ya tsayar da abin da yake yi, ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta ɓace. Wani lokaci ya ce da saura. Wani lokaci ya ce na hagu ya fara gajiya, ya koma kan aikinsa. Haka muka yi shekaru.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne tsufa. Idon Malam Dabo ya fara hazo, ya zo ya rufe gaba ɗaya. Wutar maƙera ta mutu. Sai ciwon ƙafa, sai tari, har ya zamana daga tabarmar zaure sai an kama shi. Mati ne ke kama shin, shi ke yi masa wanka, tsohon na karɓa a bisa dole, bakinsa a rufe. Wata safiya Mati ya zo aiki ya zauna bai buɗe akwati ba. Can ya ce mini, "Maliki, in ya tafi yana ɗauka na ɓarawo, ban san inda zan sa kaina ba." Ranar na ji tsoro, don na ga kamar Alhaji zai ci bulus.

Allah bai nufa ba. Fataucin Alhaji ya karye, shanu suka yi tsada, hanya ta lalace, yaran da ke bin sa suka watse. Bakaniken tasha ya daɗe da tafiya haƙar zinariya a Nijar. Da babur ya fara tari Alhaji ya ɗora shi a mota zuwa Kano, aka riƙe shi can aka dawo masa da shi an zare kayansa masu kyau an cusa na banza. Ya gamu da ɓarayin gaske, kuma na yi dariya har da hawaye. Tun daga nan ya rantse mashin ɗin ba zai sake barin idonsa ba. Makanikan gari suka yi ta canza masa na gefe suna cewa an gama, har ranar da ya ƙi tashi sam. Ga shi wani mutumin Magarya ya ce zai saya, wanda shi ne kaɗai abin da zai mayar da Alhaji kara da jari, amma sai ya ji shi yana aiki.

Alhaji ya fara aiko surukinsa wurin Mati. Bayan shi ya aiko limamin unguwarsu. Mati ya tarbe su da girmamawa, ya shimfiɗa musu tabarma, ya ce gyara ba wuya, kuma ba ya son ko sisi. Sharaɗinsa ɗaya ne: Alhaji ya kawo babur ƙofar gidansu, ya shiga zaure ya gaya wa Malam Dabo inda sababbin fulogin nan biyu suka shiga, shi kuma ya yi alkawarin babur zai tashi. Aka ce Alhaji ya yi ta faɗa, ya ce gara ya sayar da shi a kilo kamar tsohon ƙarfe. Muka zuba ido. Mutumin Magarya ya aiko cewa ya ga wani a Zinder. Sai ga baƙin babur a kan amalanken shanu, an ɗaure shi da igiya, ana ratsa unguwa da shi da sanyin safiya, Alhaji na biye a ƙasa. Na rufe wurina na bi su, ko gwamna ne ya yi faci ranar sai dai ya jira.

Malam Dabo na jingine da bango, an tokare shi da matashi. Alhaji ya zauna ya fara kewaye-kewaye, wai shekaru sun ja, wai ɗan Adam da mantuwa, wai akwai wata 'yar rashin fahimta da Shaiɗan ya shiga. Mati na tsugune a inda ya tsuguna wancan karon. Ni na yi gyaran murya mai ƙarfi. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Nu'umanu, ba ni da sauran kwanan da zan ɓata a zagaye. Fulogin nan biyu, ina suka shiga?"

"Aljihuna, Malam. Ni na ce mishi ya bar na cikin, sauri nake. Da aka yi mini dariya sai na ɗora mishi."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya, daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar aurena. Tsohon ya sunkuyar da kai. Na zaci kuka zai yi. Ashe ban gama sanin Malam Dabo ba.

"Mati."

"Na'am, Baba."

"In ka sa hannunka a babur ɗin mutumin nan, ban yafe ba."

Alhaji ya miƙe yana cewa ai an yi alkawari, liman shaida ne. Tsohon ya ce shi bai yi da kowa ba. Mati ya roƙi izinin ya tsaya daga gefe ya riƙa faɗa, mai babur ya yi da kansa, don kada ya zama mai saɓa alkawari. Tsohon ya ce wannan tsakaninsu ne. Mati ya fito, ya kwance tsumma ya ajiye sifanar a ƙasa gaban Alhaji, ya mayar da hannuwansa baya ya harɗe su.

Da ni aka ba zaɓin hukuncin, da ban kai ga wannan ba. Alhaji Nu'uman ya tuɓe babbar riga ya durƙusa a turɓaya, unguwa ta taru. Mati na faɗa masa a hankali, da ladabi, kowace magana da ranka ya daɗe a gabanta. Alhaji ya cire sirdi. Ya rufe mai, ya zare tiyo, fetur ya wanke masa gaban taguwa. Ya rungumi tanki ya sauke yana nishi. Ya zura yatsu ya fizgo hulunan fulogin, na farko ya tafi da fatar bayan hannunsa. Zai ɗauki sifana Mati ya ce tukuna, ramukan cike suke da yashi, in ya cire fulogi a haka yashin cikin inji zai zuba. Na kawo famfona na hannu na dasa masa, na koma gefe na naɗe hannu. Ya yi ta bugawa har ƙurar ramin ta bule masa fuska.

Sannan aka zo ga murɗawa. Sifanar na shiga, amma wurin juyata bai fi faɗin yatsa biyu ba, sai ka ɗan murɗa, ka zare, ka sake sawa. Hannun Alhaji kuwa hannun mai cin nama ne, kowace murɗa sai ƙarfe ya ɗanɗana shi. Rana ta take, zufa na ɗiga daga gemunsa. Da fulogin ya saki, Mati ya sa shi ya yanko guntun tiyo ya cusa a kansa ya jawo shi waje. Da tiyon nan kuma ya sa sabon, yana juyawa da yatsu kawai. Sau da yawa yana jin ya cije sai ya kai hannu ga sifana, Mati ya ce a'a ranka ya daɗe, a karkace yake, a warware a sake. Ya warware ya sake. Wata tsohuwa ta ce a taimaka wa bawan Allah mana, ba wanda ya motsa. Na ciki na biyun ya fi na farko wuya, a kansa na ga Alhaji ya kifa goshi a jikin babur, kafaɗunsa na rawa. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Sai bayan la'asar ya mayar da tanki. Ya danna, injin ya yi tari ya kama, ƙarar nan ta da ta cika lungun. Ba wanda ya yi murna. Alhaji ya tsaya da hannuwa duk jini da baƙin mai, ya ce wa Mati ya yafe masa. Mati ya ce ya bar sifanar a nan inda ya gan ta, kuma ya bi a hankali, akwai yara a hanya.

Muka koma zaure ni da shi. Tsohon na nan yadda muka bar shi, ya ji komai da kunnensa. Ya juyo da fuska wajen motsinmu, muryarsa ta zama ƙarama.

"Mati, me ya hana ka gaya mini tun ranar?"

"Kai ka hana ni ƙaryata babba, Baba. Na zaci kai za ka san ɗanka."

Malam Dabo ya miƙo hannu yana lalube a iska, yana neman na ɗansa. A nan daɗin da nake ji ya gushe, don sai lokacin na gane ba Alhaji kaɗai Mati ya yi shekaru yana jira ba. Hannun tsohon na nan a miƙe, Mati na tsugune dab da shi, ya dube shi ya daɗe.

"Hannuna duk baƙin mai ne, Baba," ya ce. "Bari in je in wanke."

Ya tashi ya shige cikin gida. Na bi hannuwan nasa da kallo har ya ɓace, fes suke, ranar ko ƙusa bai taɓa ba.